Amshin Ɗan Fari

Da sunan Allah na buɗe wannan babi kamar yadda na buɗe na baya. Ni ke faɗa, Rabi jikata ke rubutawa, don ni ban taɓa zama gaban allon boko ba. Na ce mata bayanina ta gyara shi yadda ake rubutu, amma maganar mutane ta bar ta yadda suka yi ta, ba na son a mayar mini da mutanen Gwandu Kanawa.

Yau kan sunan nan zan yi magana. Kun tashi kun ji ana ce mini Kulu Zabiya, kuma na san in an faɗa a gabanku kukan sunkuyar da kai. Wasunku sun ɗauka da ƙuruciyata bin gidajen biki na yi da ƙwarya ina wa mutane kirari. To ku ɗaga kanku. Mutum ɗaya na taɓa yi wa waƙa a duniya, kuma a lokacin ko haƙora bai gama fitarwa ba. Shi ne babanki, Rabi, ɗana na fari.

Ni Bakabiya ce, 'yar Kalgo. Babana masunci ne, da damina kuma ya noma shinkafa a fadama, gidanmu kuwa ba a san shiru ba. Ana gyaran koma ana gardama, ana daka ana lugude, wannan ta jefa taɓarya sama ta tafa ta cafe, waccan ta ba da waƙa saura su amsa. Jinjirin gidanmu kafin ya iya zama ya san muryar kowa. Innata ita ce gwanar wannan aiki. Duk jaririn da ya shigo hannunta sai ta kifa ƙoƙo cikin ruwan ƙwarya ta riƙa bugawa da ludayi, ko ta kaɗa masa ɗan gora mai shinkafar da ba a cashe ba, ko ta yi masa kukan zakara, ko ta ƙyasta harshe. Amma ba a yawan kiɗan gwanintarta take ba. In ta yi sau biyu ko uku sai ta tsaya cak, ta zuba wa yaro ido.

“Jinjiri ɗan amshi na,” haka take ce mana. “In kin ba shi waƙa ki yi shiru ki bar mai wuri. In yac ce a, ki ce mai a. In kinka cika wurin duka da bakinki, ina za shi sa nashi?”

Daga wannan gida aka kai ni Gwandu, a zamanin soja, lokacin babura ba su cika gari ba, rediyo ma ba kowane gida ba. Mijina Malam, Allah ya jiƙansa, tela ne a bakin kasuwa. Su Fulanin gida ne, sun daɗe da zama gari, shanunsu suna Dalijan wajen yayarsa, wadda kuka sani da Goggo Aisa. Gida ne na mutunci, ban taɓa cewa ba haka ba. Amma ranar da na fara kwana na tashi na ji kamar an toshe mini kunne. Ba a ɗaga murya, ba a dariya da ƙarfi, ko tari mutum zai yi sai ya juya baya. Mahaifin Malam ya rasu kafin in zo, saura mahaifiyarsa, Dada, doguwar mace mai ƙarancin magana, wadda in ta dube ka sau ɗaya ka san abin da take nufi.

A Kalgo na haihu, gaban Inna, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ranar suna aka zo daga Gwandu da sunan mahaifin Malam, Haliru. Ku 'yan yanzu da kuke ɗaga ɗan fari sama kuna sumbata gaban surukai ba za ku gane nauyin wannan ba. A lokacinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi. Ta ba shi nono a ɓoye, ta miƙa shi. Wasa da shi aikin kaka ne da goggonni. Ga shi kuma sunan suruki, wanda ko a kan wani mutum daban ba na iya faɗa. Kunya biyu ke nan a kan yaro ɗaya. A gidan Malam sai aka riƙa ce masa Baffa, ni kuwa “yaron nan” nake cewa. Inna ce kawai, da yake ita kaka ce, duk kwanakin wankan jegona take ja masa sunan a kunne, “Haliruuu,” tana kaɗa gora, yana zabura yana wutsil-wutsil da ƙafa. Ina daga gefe ina yi kamar ban gani ba, amma na gani. Ku riƙe wannan, yaron yana ji.

Da na koma Gwandu ban daɗe ba abu biyu suka faru. Dada ta faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Sannan yaron ya yi zazzaɓi mai zafi, kunnensa ya yi ruwa, aka yi magani ya warke. Al'ada dai ba ta faɗi tare da Dada ba. Ɗan fari wurin kakarsa yake wuni, don haka kullum da safe in na ba shi nono sai in kai shi ɗakinta in kwantar da shi kusa da ita, a kan damansa yadda ake kwantar da ɗan Musulmi, yana fuskantarta. Dakan ma a maƙwabta nake yi don kada ƙarar turmi ta dame ta. Malam yana kasuwa tun safe. Tsohuwa ba baki, jinjiri ba baki, su wuni suna kallon juna. Ni in wuce ta ƙofar da tsintsiya ban isa in leƙa in ce masa ko “kai” ba.

Da farko yabonsa ake yi. Duk wadda ta shigo gaida Dada sai ta ce kai, wanga yaro akwai haƙuri, jinin gidan ne, ko kuka ba ya yi. Har ni sai da na ji daɗi. Amma watanni suka tafi, sa'o'insa a unguwa suna gwaranci suna ba-ba-ba har iyayensu na ƙorafi, nawa ya iya zama, ya fara ja da ciki, baki kuwa sai nono. Yabon ya fara raguwa, sai kallo.

Ana tsakiyar damina Goggo Aisa ta zo daga Dalijan. Mace ce mai ƙarfin hali, ita ta riƙe dukiyar gidan tun rasuwar mahaifinsu, kuma ba muguwa ba ce, kada wani ya rubuta mini haka. Ta shiga ɗakin Dada ta tarar da yaron kwance yadda aka saba, ta tsaya a kansa ta tafa hannu. Bai motsa ba. Ta ɗauki murfin kwano ta buga da cokali. Yana ta kallon Dada. Ta kira Malam, ni ina bakin murhu ina jin komai.

“Wanga yaro kurma na,” in ji ta. “Ba abin kuka ba na, Allah yay yi shi haka. Amma gari ba wurin kurma ba na, yara jifa za su yi mai. In an yi kaka in zo in tahi da shi Dalijan, in yaye shi da nonon shanu. Kiwo ba ya son surutu, ido da sanda sun isa.”

“Yadda kinka ce, Adda,” in ji Malam.

Ba wanda ya tambaye ni, kuma ba laifinsu ba ne. Uwar ɗan fari ba a tambayarta. Abin da ake jira daga gare ni shi ne in ce “ku tafi da shi mana, ni na huta,” a yaba mini. Ban ce ba. Na ci gaba da tuƙa tuwo har ya yi gudaji.

Bayan 'yan kwanaki na roƙi Malam ya bar ni in je Kalgo in gaida Inna. A cikin mota Allah ya buɗe mini ido. Wata mata ce kusa da ni tana ɓare gyaɗa, hannunta cike da awarwaro, duk motsin da ta yi sai su yi ƙara. Yaron yana kan cinyata, sai na ga ya juya kai yana neman inda ƙarar take. Ƙafata ta gaji na juya shi, matar ta koma ta hagunsa, tana ta kacau-kacau, ko kallo ba ta ishe shi ba. Na sake juya shi, ya sake nema. Sai na kama hannun matar ba sallama.

“Don Allah girgiza nan. To, girgiza nan kuma.”

“Baiwar Allah, lahiya? Awarwaron kika so ko mi?”

“Ke dai girgiza!”

Mutanen mota suka yi ta dariya, ni kuwa ko a jikina. Kafin mu isa Kalgo na gane komai. Kunnen hagu ne zazzaɓi ya cinye, na dama lafiyarsa lau. Mu kuma kullum a kan daman muke kwantar da shi, kunnen kirkin a danne a tabarma, mataccen a sama. A kan mataccen Goggo ta yi ta tafi.

Inna ba ta bari na sha ruwa ba ta ɗauko gora. Ta kaɗa ta hagu, shiru. Ta kaɗa ta dama, ya juyo. Ta sa baki daidai kunnen ta ja, “Haliruuu,” sai yaron nan ya buɗe ido ya washe baki kamar wanda ya ga ɗan'uwansa a baƙon gari. Ta yi shiru tana jiran amshi. Muka jira, muka jira, bai ce komai ba.

“Shina ji,” in ji Inna. “Ba a ba shi abin amsawa ba na. Wa ka yi mai magana can?”

“Ba kowa.”

“To ke hwa?”

“Haba Inna. Ɗan hwari, kuma sunan...”

“Na sani. Ni ma har yau ban kira sunan yayanki ba. Amma yayanki yat tashi da kakanni masu baki da gida cike da mata. Wanga wa gare shi? Ni ina Kalgo, ba ni da ikon riƙe shi. Bakin da ad kusa da kunnenai naki na. Ban ce ki yi ba, ban ce ki bari ba. Ga gora.”

Haka ta saka mini shi a cikin ƙullin kayana. A hanyar komawa na auna abin. In na yi shiru, ina nan da mutuncina, mata su ce Kulu akwai kunya, da kaka a ɗauki yarona a kai shi inda ba wanda zai sake gwada yi masa magana, don an riga an ce kurma ne. In kuma na ce da baki a gwada kunnen dama, to zai juyo, amma Goggo za ta ce to ina maganar, kuma ba ni da amsa. Dole sai yaron ya yi magana. Kafin mu wuce Birnin Kebbi na gama shawara.

A bayan rumbu na fara, da hantsi, in Malam ya fita. In zaunar da shi, in koma ta damansa, in kaɗa gora in tsaya. In ɓoye goran a bayana in kaɗa, ya nemo. In kife goran da ƙwarya in kaɗa ƙwaryar. Na kifa ƙoƙo a ruwa ina bugawa yadda Inna ke yi, in buga a hankali, in buga da ƙarfi, in tsaya. Na yi masa akuya, na yi masa zakara, na busa leɓe har yawu na fita, ni Kulu da ko dariya ba na yi da ƙarfi a gidan nan. Na gwada kiransa Baffa, amma sunan ba ya tafiya, a leɓe yake mutuwa. Wanda ya sani shi ne na Inna. Ranar da na fara faɗarsa sai da na duba gabas da yamma, harshena ya yi nauyi kamar na ɗauki dutse da shi. Na yi masa 'yar waƙata:

Haliruuu, ina gora?
Gora na nan, gora na can.
Haliruuu, wa ya kira?

Daga nan in rufe bakina. Wannan shirun shi ne mai wuya, Rabi. Zuciya tana cewa ƙara, ƙara, ke kuwa dole ki jira. Na daɗe ina jira ba na samun komai sai ido. Ran nan, gero ya fara fitar da kai, na ja sunan na tsaya, sai na ji wata 'yar murya kamar ta kurciya.

“Uuu.”

Na ce masa uuu. Ya ce uuu. Na zauna a ƙasa dirshan a bayan rumbu, na rufe fuska da zane.

Daga nan bakin ya fara warwarewa, yau a, gobe ba. Sai na yi wani tunani, kuma har yau in na tuna ina yaba wa kaina. Da na so, Inna zan koya masa ya fara cewa, wace uwa ce ba ta so? Amma na san in ya ce Inna ba abin da zai hana a tafi da shi, sai ma a ce ga irin rashin kunyar. A gidan nan mutum ɗaya ce Goggo Aisa ba ta iya tsallake maganarta, ga shi kuma ba ta da magana. Sai na riƙa ɗaukarsa ina bi ta ƙofar ɗakin tsohuwa, in nuna ta, in buga ƙoƙo sau biyu, da-da, da-da, in yi shiru.

Malam ne ya kama ni. Ya manta almakashinsa ya dawo da rana tsaka, ya ji sunan daga zaure.

“Kulu. Sunan wa nij ji?”

“Sunan ɗanka.”

“Sunan ubana na.”

“Kai kas sa mai shi, Malam. Tsaya ka gani, wallahi shina ji.”

Na kaɗa gora, na ja sunan, na jira. Kun san yara. Yaron nan da ya wuni yana amsa mini, ranar sai ya kama goran ya tura a baki yana zubar da yawu, ko kallonmu bai yi ba. Malam ya kau da kai.

“Kin zubar da kunyar gidanga a banza,” in ji shi. Ya ɗauki almakashi ya fita.

Bai dake ni ba, bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Tuwona ya daina ci. In kai masa, da safe in ɗauko shi yadda na kai. Ni kuma na ce tun da an ji, ɓuya ta ƙare. Na dawo da turmi tsakar gida, na goya yaro da kunnen dama a waje, na yi luguden Kalgo har taɓarya na tashi sama. Kafin sati unguwa ta ɗauka. In na je rijiya sai a fara taɓa juna.

“Zabiya, yau wace waƙa za a yi muna?”

“An ce ango ɗan wata tara na, ko kuwa?”

“Ku ƙyale ta, Bakabiya ta. Su can ko kihi suna yi ma waƙa.”

Ina jan gugata ina cewa sannunku da aiki. Amma in na ce bai yi mini ciwo ba na yi ƙarya. Aka yi suna gida biyu a dangin Malam ba a aiko mini ba.

Wadda na fi jin tsoro Dada ce. Ranar da ta fara jin sunan mijinta a tsakar gida daga bakina, ta juya fuska bango, ta ƙi karɓar kunu a hannuna. Washegari na kai mata yaron na kwantar da shi a kan hagunsa. Ta miƙo hannunta mai lafiya za ta juya shi. Na durƙusa.

“Dada, ki gahwarce ni. Kunnen da shika ji da shi, shi aka dannewa.”

Ta dube ni irin kallon nan nata, ta daɗe, sannan ta janye hannun. Ban san ko yarda ce ko gajiya ba. Daga ranar a bakin ƙofarta nake yin wasan, tana kwance tana kallon rufi, fuskar nan ba ka karanta komai a kai.

Aka yanke gero, Goggo Aisa ta zo da sabon zanen goyo da goran nono. Labari ya riga ya kai Dalijan.

“An ce an buɗe gidan biki gidan ubana,” in ji ta tun daga zaure. “Ina zabiyar? Kawo yaron, rana na yi.”

Abin da ya kamata in yi shi ne in miƙa shi in shige ɗaki. Na miƙa shi, amma ban shige ba. Na tsaya a tsakar gida gaban Malam, gaban matan maƙwabta da suka shigo wai gaisuwa.

“Adda, shina ji. Har ya hwara magana.”

“Ke, da bakinki kika hwaɗin haka kan ɗan hwari? To mu gani.”

Ta zaunar da shi a tabarma ta tafa hannu, kuma Allah ya sa ta hagunsa ta tsaya. Bai juya ba. Na ce ta koma dama, ta ce ba ta zo rawa ba. Na ja sunansa, mata suka rufe baki, shi kuwa taron ya ruɗa shi, sai ya ɓata fuska zai yi kuka. Na ruga in ɗauko gora inda nake ajiye shi a kan rumbu, babu. Na duba ɗaki, babu. Na fito hannu biyu na tarar Goggo ta warware zane ta sunkuya za ta ɗora shi a baya.

Sai muka ji caka-caka-caka.

Daga ɗakin Dada ne. Ashe tun jiya da na bar goran a bakin ƙofarta ta jawo shi ta tura ƙarƙashin matashi. Ta ja jiki har bakin ƙofa, abin da ba ta yi ba tun faɗuwarta, goran a hannun hagu. Ta kaɗa sau uku. Sannan ta tsaya cak, ta zuba masa ido. Duk kwanakin nan da take kallon rufi, ashe koyo take yi, har shirun ta koya.

Yaron ya juya kansa gaba ɗaya, ya zame daga hannun Goggo, ya rarrafa ya ratsa tsakar gida ya dafa gwiwar tsohuwa.

“Da-da,” in ji shi. “Da-da-da.”

Bakin Dada ya fara rawa, ɓarin da ya karkace yana ja, tana kokawa da shi har jijiyar wuyanta ta tashi. Matar da ta yi zaman aure shekara da shekaru, ta haihu, ta binne miji, ba ta taɓa furta sunansa ba.

“Ha... ruu,” in ji ta.

“Uuu,” in ji shi.

Goggo Aisa ta dafe baki da hannu biyu. Malam ya juya ya shige zaure, mun daɗe muna jin yana share hanci. Can Goggo ta ninke zanen goyon a hankali ta mayar cikin kayanta, ta ajiye goran nono kusa da turmi.

“Nonon na yaro na,” in ji ta, ba ta dube ni ba. “A tahwasa kahin a ba shi.”

Ba a tafi da shi ba. Amma kada ku ɗauka an yi mini guɗa. Goggo Aisa har ta koma ga Allah gaisuwa ce kawai tsakaninmu, don a ganinta na sa mahaifiyarta ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a gaban mutane. Sunan Zabiya ya zauna daram. Shekaru aka yi a dangin Malam ba a miƙo mini jariri ranar suna, wai kada in koya wa amare rashin ta-ido. Malam ya koma cin tuwona a ranar, amma bai taɓa buɗe baki ya ce kin yi daidai ba. Sai dai wata safiya na ɗauko goran na ga an ɗinka masa 'yar riga da ƙyallen shadda, da maɗauri don kada ya faɗi ya fashe. Ban tambaya ba, bai faɗa ba. Dada ta ƙara damina ɗaya da rani a duniya, yaron yana zaune a gefenta yana zuba mata surutu tun safe, tana amsa masa da abin da ya samu. Kunnen hagun kuwa bai dawo ba, da ya girma an duba a asibiti an ce ya tafi. Shi ya sa in kuna yi wa babanku magana yake karkata kai gefe guda, ku kuna cewa yanga ce. Ba yanga ba ce, kunnen da na tsaya a kansa ne yake miƙo muku.

Ban ce kunya banza ce ba. Na yi ta ga surukaina har ƙarshensu, kuma da gidan nan yana da baki ɗaya mai magana a shekarar nan, da har yau ban kira sunan ɗana ba. Babu ne, na ba da nawa.

Rabi, na ga yadda kike gyara zama tun ɗazu, cikin nan naki ya tsufa, kuma na fari ne. Goran yana cikin adakata da rigarsa, shinkafar ciki ita ce ta Kalgo har yau. In kin sauka lafiya ki zo ki ɗauka. Ki kaɗa ta dama, ki kaɗa ta hagu, ki kira shi da sunansa, sannan ki rufe bakinki ki jira. Sunan nan kuma ki rubuta shi da manyan baƙaƙe a inda kowa zai gani, Kulu Zabiya, uwar Haliru.

Na ba da waƙata. Na yi shiru, saura amshinku.